Jinkirin Biyan Bashi a Zamanin BVN: Abin da Yake Jawo wa Mutanen Fadamar Rima

 

Maganar da aka ɗora mini ita ce illar jinkirin biyan bashin katin banki. Wani zai ce ina ruwanmu, tunda katin da ke aljihun yawancinmu na cirar kuɗi ne, abin da ka ajiye shi kake ɗauka a wurin mai POS. Gaskiya ne, katin cin bashi bai yaɗu a Najeriya ba, sai a hannun wasu masu albashi da manyan 'yan kasuwa na birane. Amma tsarin da ke bayan wannan kati ya riga ya iso mana ta wasu ƙofofin: rancen noma na gwamnati, bashin ƙananan bankuna, rancen da ake ci ta manhajar waya cikin 'yan mintuna. Dukkansu hali ɗaya gare su. Ana yanka maka rana, na'ura ce ke ƙirga kwanakin, kuma sunanka yana ɗaure da lambar BVN. Abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, a irin wannan tsari, wanda ya bari wa'adi ya wuce shi yana shiru ya ci sabon bashi ne wanda ya fi na farko tsada, kuma mafi nauyin kuɗin ba shi kaɗai zai biya ba, har da maƙwabcinsa da ɗansa da duk wanda zai nemi lamuni daga wannan yanki bayansa.

Mu fara da katin kansa, domin a jikinsa ake ganin tsarin ƙarara. Banki yana ba mutum iyakar abin da zai kashe. Ƙarshen wata a aiko masa da lissafi, a ba shi 'yan makonni. In ya biya duka kafin ranar, yawanci ba a ɗora masa kuɗin ruwa. In ya biya ɗan mafi ƙarancin abin da aka yarda, ragowar sai ta fara haihuwa. In kuwa ranar ta wuce bai biya komai ba, sai tara ta hau, kuɗin ruwa ya hau kan tarar, wata mai zuwa kuma a lissafa ruwa a kan ruwa. A Amurka, inda wannan kati ya fi ko'ina yawa, bashin da ke kansa ya haye dala tiriliyan 1 a 2023, kuma hukumar kare masu mu'amala da bankuna ta ƙasar ta ce tarar jinkiri kaɗai ta haura dala biliyan 14 a 2022. Can idan mutum ya yi kwana 30 bai biya ba ana kai sunansa ga kamfanonin adana tarihin bashi, tabon kuma yana iya zama shekara 7 a takardarsa. Bayan kwana 60 banki na iya ƙara masa kuɗin ruwa a kan tsohon bashin, wajen kwana 180 kuma sai a cire rai, a miƙa shi ga masu karɓar bashi. Mai gidan haya yana duba wannan takarda kafin ya ba da ɗaki, haka mai sayar da mota. Tarar ita ce ƙaramar asara. Babbar ita ce shekarun da mutum zai yi ana tsawwala masa farashin duk wani lamuni.

Mu kawo lissafin gida. A ce manomin albasa ya ci bashin naira 300,000 don taki da man injin ban-ruwa da kuɗin 'yan ƙwadago, a kan kashi 4 cikin ɗari duk wata. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya kan cajin bankuna ta yarda a ɗora wa wanda ya yi jinkiri tarar da ba ta wuce kashi 1 cikin ɗari a wata ba, bayan an ɗaga masa ƙafa na kwana 7, ban da kuɗin ruwan da ke gudana. Ke nan kashi 5 duk wata. Idan ana ɗora na wannan wata a kan na wancan, cikin wata 6 naira 300,000 ta zama kusan 402,000. Bai ƙara ko buhun taki ɗaya ba, bai ƙara kadada ba, amma sama da dubu ɗari ta hau kansa. Kuma wannan lissafin mai sauƙi ne, na wanda ke bin doka. Masu ba da rance ta waya da yawa kullum suke ƙirga tararsu, ba duk wata ba. Manomin albasa ya fi kowa sanin irin wannan asara: buhun da ya zuba a rudu yana raguwa kowace rana, wani ya ruɓe wani ya tsotse, ko ya leƙa ko bai leƙa ba. Bashin da wa'adinsa ya wuce haka yake cin mai shi a ɓoye, sai dai shi ƙaruwa yake yi.

Abin da ya sauya a shekarun nan shi ne yanzu ba a ɓuya. A 2014 aka ƙaddamar da BVN, wadda ta haɗa duk asusun mutum da zanen yatsunsa. A 2017 aka sa hannu kan dokar bayar da rahoton bashi, wadda ta ba kamfanoni irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry hurumin tattara tarihin masu cin bashi, bankuna kuma suna duba wannan tarihi kafin su ba da sabon rance. Bashin da ya yi kwana 90 ba a biya ba, a ƙa'idar Babban Banki ya shiga sahun wanda ya lalace. Sannan daga 1 ga Agusta 2020 aka fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da ke binka ikon ɗebe uwar kuɗinsa da ruwansa daga duk wani asusunka da ke wani banki, bisa izinin da ka sa wa hannu ranar da ka karɓi kuɗin. A farkon 2022 aka ƙara masa ƙarfi, ya zama na'urar za ta yi ta gwadawa ba iyaka har sai bashin ya fita. Ku dubi yadda abin yake a aikace. Mutum ya kai tafarnuwarsa kasuwa, ya yi ciniki da ɗan kasuwar da zai yi lodi zuwa kudu, an tura masa kuɗi. Waya ta yi ƙara, ya duba, ya ga sun shiga, ya fara lissafin dillali da mai mota da yaran da suka yi masa ɗauri. Kafin ya isa rumfar mai POS waya ta sake ƙara, kuɗin sun fita zuwa bankin da ya ci bashinsa shekara 3 da suka wuce, wanda shi har ya manta da shi. Mai mota yana tsaye yana jira. Babu wanda zai roƙa a wurin, domin ba mutum ne ya ɗauka ba.

Wannan shi ne bambancinsa da bashin da muka gada. Alhajin da ke ba manoma taki da iri zuwa kaka ya san gonar kowa. Ya san wanda ruwa ya cinye wa shinkafa, ya san wanda ya sayar da tasa ya ƙara aure. Uwar adashi ta san wadda mijinta ke kwance da wadda ke wasa da zubi. Ba na cewa bashin gargajiya ba shi da zalunci. Akwai wanda ya rasa gonarsa ta hanyar jingina, akwai wanda aka karɓe wa buhu biyu a kan kuɗin buhu ɗaya. Amma mai bin bashin yana da ido, yana iya bambanta wanda ya kasa da wanda ya ƙi, kuma akwai mai unguwa da liman da za su shiga tsakani. Na'ura rana kawai ta sani. Wanda ya kasa da wanda ya ƙi layi ɗaya take rubuta musu. Kuma idan irin wannan layi ya yi yawa a ƙaramar hukuma ɗaya, jami'in da ke zaune a Abuja ko Legas ba zai bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ba, yankin gaba ɗaya zai sa wa alama cewa ba ya biya.

Ga hujja mafi kusa da mu. A Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, a kan wannan kwarin namu na Rima. Babban Banki ya ba da rancen iri da taki da magani da injin ban-ruwa a kan kashi 9 cikin ɗari a shekara, daga baya aka sauke shi zuwa kashi 5 lokacin annobar korona, ana biya da amfanin gona ko da kuɗi bayan girbi. Manoman shinkafa na jihar Sakkwato sun shiga, da yawa ta hannun ƙungiyarsu ta RIFAN. Zuwa farkon 2023 an raba sama da naira tiriliyan 1. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kacal aka mayar. Babban Banki ya musanta, ya ce an mayar da naira biliyan 503, wato kimanin kashi 52 na abin da wa'adinsa ya cika. Mu ɗauki ƙididdigar Babban Bankin, wadda ta fi sassauci: kusan rabin kuɗin bai dawo a kan lokaci ba. Da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin a Satumba 2023, sai ya janye shi daga irin waɗannan shirye-shirye, aka koma neman karɓo tsohon bashi. Manomin da ya biya nasa cif a kan lokaci, yau da wuya ya sami rance a kashi 9. Kuɗin ruwan da Babban Banki ke aunawa da shi ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwanci kuwa ya ɗara haka. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gina don riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, tana nan, filayen noman rani na tsakiyar Rima da na Wurno suna nan, amma noman rani ba ya yiwuwa sai da kuɗi a hannu tun kafin shuka, kuma ƙofar da ta fi arha ta rufe.

Na san amsar da ake bayarwa a majalisar hira: kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne na arzikin ƙasa, kuma manya sun ci abin da ya fi haka ba a taɓa su ba. Rabin wannan magana gaskiya ne. Hukumar AMCON, da aka kafa a 2010 don sayen basussukan bankuna da suka lalace, ta sha faɗa cewa tana bin sama da naira tiriliyan 4, kuma 'yan ɗaruruwan mutane da kamfanoni ne ke riƙe da mafi yawansu. Gaskiya ne kuma a cikin shirin noman an sami manoman bogi, an sami kayan da suka iso bayan lokacin shuka ya wuce, an sami 'yan siyasar da suka nuna wa mutane cewa kyauta ce. Duk wannan ya cancanci bincike da hukunci. Amma babban mai cin bashi yana da lauyoyin da za su ja shari'a shekara goma, yana da kamfani na biyu da zai ci sabon bashi da sunansa. Talaka BVN ɗaya gare shi, yatsunsa kuma ba sa canzawa. Wanda ya ƙi biya don ya rama abin da manya suka yi, ramuwar ba ta isa gare su ba, a kansa da 'yan garinsu ta sauka.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan wayo. Masu lissafi suna cewa, tunda hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, wanda ya ci bashi a kashi 9 ya ja ƙafa ya ci riba, domin nairar da zai mayar ba ta kai wadda ya karɓa daraja ba. A kan takarda haka ne, ba zan musa ba. Sai dai wannan riba sau ɗaya ake cin ta, kuma a kan rance mai rangwame kaɗai. Mai ba da bashi ma ya iya lissafi. Da ya ga haka sai ya rufe, ko ya ɗaga farashi ya haɗa asarar waɗanda ba su biya ba a kan waɗanda za su biya. Wani ɓangare na tsadar rance a ƙasar nan daga nan yake fitowa.

Sai maganar riba, wadda dole a yi ta a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna yana karantarwa har Allah ya karɓi ransa a Wurno a 1837. Wasu suna cewa bashin banki na riba ne, don haka ƙin biyansa ba laifi ba ne. Haramcin riba ba abin jayayya ba ne a wurinmu, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu. Amma ayoyin Suratul Baƙara da suka haramta riba su ne kuma suka tabbatar wa mai dukiya uwar kuɗinsa, su ne suka yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, a bayansu kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta zo kan rubuta bashi da ajalinsa da shaidu. Hadisi ingantacce ya kira jan ƙafar mai hali zalunci, fiƙihun Malikiyya kuma ya ba alƙali ikon tsare mai taurin bashi idan an san yana da abin biya. Shi ya sa a wurin jana'iza ake shelanta cewa duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa, kuma ba a raba gado sai an fitar da bashi. Wanda yake ƙyamar riba da gaske ya kamata ya fi kowa saurin biya, domin kowace rana ta jinkiri ƙarin riba yake jawowa a kansa da hannunsa. Ko bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, ba su bar jinkiri haka nan ba: suna ɗora wa mai jan ƙafa tara, sai dai ba sa cin ta, sadaka ake yi da ita, kuma sunansa yana shiga kundin masu tarihin bashi kamar na kowa.

Hujjar da ta fi kowace nauyi, wadda ba ni da ikon tsallake ta a gaban mutanen wannan yanki, ita ce ta wanda ya so ya biya amma aka hana shi. A Satumba 2010 ruwa ya mamaye ƙauyuka da gonaki daga Goronyo zuwa Wurno har Sakkwato. A 2020 ambaliya ta sake cinye shinkafar kwarin nan, musamman ta Kebbi. A Yuli 2018 aka kai hari Tabanni da ƙauyukan kewayenta a ƙasar Rabah, mutane suka kwarara Gandi gudun hijira. A Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, mutum sama da 40 suka rasu. Tun daga nan akwai gonakin da ba a shiga, akwai wanda kuɗin girbinsa ya tafi a fansar ɗansa, akwai ƙauyen da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya yanke shinkafarsa. Wanda ya ce wa irin wannan mutum mai taurin bashi ya zalunce shi, kuma gwamnatin da ta kasa tsare gonarsa ba ta da bakin da za ta tsananta masa. Haƙƙinsa ne a jinkirta masa, a sauke masa tara, wani ma a yafe masa. An kafa shirin inshorar noma, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa, tun 1987 domin irin wannan rana, kuma manoman da aka cire wa kuɗin inshora a cikin rancensu suna da damar tambayar inda diyyarsu ta tsaya. Amma ku lura da abu ɗaya. Wannan haƙƙi ba ya zuwa wa wanda ya kashe waya ya yi shiru. Banki yana iya sake tsara bashi, ya tsawaita wa'adi, ya karkasa biya, amma yana yi ne wa wanda ya zo kafin ranar ko dab da ita, da takarda a hannu, da shaidar mai unguwa ko malamin gona. Kuma babban abin da ke hana a gaskata mai uzuri shi ne yawan waɗanda ba ruwa ya taɓa su ba, ba ɗan bindiga ba, amma suka fake a bayansa. Su ne suka sa hawayen mai gaskiya ya zama abin tuhuma.

Masu ba da bashin ma suna da nasu laifin, kuma babu inda ya fi muni kamar rancen waya. An ga yadda wasu ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, in ya yi jinkirin kwana biyu su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa ɓarawo ne. Wannan cin mutunci ne kuma saɓa doka ne. Hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a 2021 kan keta sirrin mutane, hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotuna a 2023. Duk wanda aka yi wa haka yana da inda zai kai ƙara. Sai dai ƙarar ba ta goge bashin, kuma tarkon da ya fi kama matasanmu shi ne cin bashi a manhaja ta biyu don a toshe ta farko, ta uku don a toshe ta biyu. Koriya ta Kudu ta ga ƙarshen wannan hanya a 2003, lokacin da mutane ke biyan kati da kati, har sama da mutum miliyan 3 suka shiga jerin waɗanda suka kasa biya, babban kamfanin katin ƙasar, LG Card, sai da aka ceto shi.

Duk wannan yana mayar da mu ga ranar da ake yankawa, domin a nan yawancin jinkirin mutanenmu yake farawa, tun kafin a karɓi ko kwabo. An tsara biyan wata-wata ne don mai albashi. Manomin albasa da tafarnuwa yana zuba kuɗi tun farkon sanyi, ba ya ganin komai sai bayan wata huɗu ko biyar, kuma a lokacin da ya cire kowa ya cire, farashi yana ƙasa. Wanda aka yanka wa ranar biya a makon girbi an tilasta masa ya sayar a mafi arhar lokaci, wanda kuma aka yanka wa kafin girbi an rubuta masa jinkiri tun ranar sa hannu. Tunda gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP a 2024 don yaɗa sayen kaya bashi, irin waɗannan takardu za su ƙaru a hannun mutanenmu, ba za su ragu ba. Ƙungiyoyin manoma na Wurno da Rabah da Goronyo suna da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi: su ƙi karɓar rancen da wa'adinsa bai ba da ratar wata biyu ko uku bayan girbi ba, su nemi a karanta wa kowa sharuɗɗan da Hausa kafin ya dangwala yatsa, musamman layin tara da na izinin ɗibar kuɗi daga asusu, su kuma riƙe nasu kundin na wanda ya biya da wanda masifa ta hana da wanda ya ƙi. Hakimai da limamai su sa hannu a kan wannan kundi ƙauye-ƙauye, a kai shi ga bankuna da masu karɓar tsohon bashin Anchor, domin a ware mutumin Tabanni da ya bar gonarsa da wanda ya sayar da injin ban-ruwan da aka ba shi a ranar da ya karɓa.